Yadda ake kula da injin wankin mota a ƙasar rairayi

Duk wanda ya biyo hanyar Yamai zuwa Filinge, ya ratsa Balleyara ya iso Damana, babban garin Tondikandiya, ya san yadda mota ke zuwa: ja wur da ƙura. Mai injin wanki ba ya rasa aiki. Abin da ke damuna shi ne injin da ya kamata ya yi shekaru sai ya kwanta tun damina ba ta zagayo ba. Rairayi ne ke kashe shi, ta ruwa, ta iska, ta esansi.

Fara da ruwa, nan ne ɓarnar ta fi yawa. Ruwan rijiyoyin kwarin Dallol Bosso ba ya da nisa, amma yakan zo da yashi. Cika tano tun da dare domin yashin ya kwanta. Ɗaure bakin tiyon da ke zuƙa ya tsaya kamar taƙi ɗaya sama da gindin tano, ka sa masa rariya. Kafin ka ja igiya, danna bindigar fesa ruwa har iska ta fita, ruwa ya zo sumul. Famfon da ya juya babu ruwa, robobinsa ƙonewa suke yi. Haka nan kada ka bar inji yana ruri, bindiga a ajiye, fiye da minti 2: ruwan cikin famfo zai yi ta kewayawa yana zafi har ya cinye robobin. Za ka yi cinikin kuɗin wanki? Kashe shi tukuna.

Sai baƙin mai. Kowace safiya ajiye injin a wuri shimfiɗaɗɗe, ka zaro sandar awo ka duba. Injin Honda GX160 da GX200 lita 0,6 suke ɗauka. Sabo ana juye masa mai bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100, amma a ƙurar nan ni ba na jira ya kai haka. Idan famfonka mai nasa man ne, ka gan shi ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, robobi sun mutu.

Lokacin hunturu buɗe matatar iska kowane mako. Ta soso a wanke da sabulu, a shanya ta bushe sarai. Ta takarda a kakkaɓe a hankali. Esansin kwalba kuwa tace shi da ƙyalle mai tsabta, kuma kada ka zuba sai inji ya huce. Tazarar bakin buji milimita 0,7 zuwa 0,8 ce.

Yanzu jikinka, ɗan'uwa. Ruwan bindigar nan yana huda fata. Kada ka wanke ƙafarka da shi, kada ka nuna shi ga yaran da ke taruwa kallo. Idan bakin ya toshe, kashe inji, danna bindiga ƙarfin ya fita, sannan ka cire shi ka tsokace da siririyar waya. Kada ka tayar da inji cikin shago ko ɗaki, domin gubar hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Wanda ruwan ya huda, ko da ramin bai fi bakin allura ba, a kai shi likita ranar nan, kada a bari sai gobe.