Amsoshin Tambayoyinku: Kishi a Gidan Malam Nata'ala

Wata mai sauraronmu daga unguwar Wulari a Maiduguri ta aiko tana tambaya: shin garin Dadin Kowa na wasan kwaikwayon talabijin yana nan da gaske? Kuma nuna rikicin kishiyoyi a gidan malamin allo na wasan, Malam Nata'ala, ba cin fuskar addini ba ne?

To Hajiya, Dadin Kowa na cikin wasan ƙirƙirarren gari ne. A Kano ake shirya wasan, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ke nuna shi, ya kuma ci kyautar AMVCA ta ɓangaren Hausa a 2016.

Batun Malam Nata'ala kuwa, a ganinmu ba addini ake yi wa dariya ba, halin maigida ake tonawa, wanda ya tara iyali alhali abin hannunsa bai kai ba. Ai kishi kumallon mata ne, bai bar ko gidan Annabi (SAW) ba. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa wata matar Annabi ta bugi hannun mai hidima, akushin abincin da abokiyar zamanta ta aiko ya faɗi ya fashe. Annabi ya tattara gutsattsarin, bai yi faɗa ba, ya mayar wa mai shi da lafiyayyen akushi. Abin da Suratun Nisa'i ta ɗora wa miji shi ne adalci, ba kashe kishi ba.

Inda muke da ƙorafi, wani lokaci masu wasan kan ja zage-zage da habaici su yi tsawo, ga yara zaune gaban talabijin. Ki ci gaba da kallo, Hajiya, amma ki zauna tare da su.