Bin Diddigin Fetur a Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa Bayan an Tone Tanki

Wannan maƙala za ta yi nazari ne a kan yadda masana ke bin diddigin fetur da ya tsiyaye daga tankunan da gidajen mai ke binnewa, musamman bayan an rufe gidan man an kuma tone tankin. Za a ɗauko misalai daga ƙasar Amurka, domin a can an daɗe ana gudanar da wannan aiki bisa doka.

Galibin tankunan da aka binne a Amurka kafin shekarun 1980 na ƙarfe ne tsura, ba su da wata kariya daga tsatsa. Da ƙarfen ya ci, sai mai ya riƙa yoyo shekara da shekaru ba wanda ya sani. A 1984 Majalisar Dokokin ƙasar ta sa waɗannan tankuna ƙarƙashin doka, a 1988 kuma Hukumar Kare Muhalli ta ba masu su wa'adi zuwa Disamba 1998 su gyara, ko su sauya, ko su rufe.

To, amma tone tanki ba ya kawar da man da ya riga ya nutse. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, saboda haka idan ya ratsa ƙasa ya iske ruwa sai ya kwanta a samansa, kamar yadda man gyaɗa ke yi a kan miya. Wani kaso nasa kuwa narkewa yake yi, ya bi ruwan duk inda ya nufa. Mafi haɗari a cikin abin da ke narkewa shi ne benzin, watau sinadarin nan da aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. A Amurka ba a yarda ya wuce maikurogiram 5 a lita ɗaya ta ruwan sha ba.

Tun da ido ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sai a haƙa rijiyoyin gwaji kewaye da gurbin tankin. Kowace rijiya siririn bututu ce mai tsage-tsage, kuma lalle ne tsagen ya ratsa daidai saman ruwa, in ba haka ba man da ke kwance a sama ba zai shiga ba. Akan haƙa aƙalla uku, domin ta auna tsayin ruwa a wurare uku ne ake gane inda yake gangarawa. Ɗaya takan kasance ta ɓangaren da ruwan ke fitowa, don a san yadda yake kafin ya iso wurin tankin. Ruwan da aka ɗiba akan cika ƙaramar kwalba da shi har baki, ba a barin ko ɗigon iska, sannan a sanyaya shi, saboda benzin saurin tashi gare shi.

Abin lura a nan shi ne, gwaji ɗaya ba hujja ba ne. Ruwan ƙasa yana hawa lokacin ruwan sama, ya sauka da rani, kuma a wannan hawa da sauka yakan shafe mai a jikin yashi da tsakuwa. Rijiyar da ta nuna tsabta yau tana iya nuna gurɓata bayan wata shida. Shi ya sa ake maimaita awo, sau da yawa duk bayan wata uku, har na tsawon shekaru.

A 1995 wani bincike na cibiyar Lawrence Livermore a jihar Kalifoniya ya nuna cewa da wuya benzin ya yi nisan da ya wuce ƙafa 250 daga inda ya zuba, domin ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa suna cinye shi. Wannan ya kwantar da hankalin hukumomi, sai dai kwanciyar ba ta daɗe ba. A wancan zamanin ana gauraya fetur da wani sinadari mai suna MTBE don rage gurɓatar iska. Shi kuwa ya fi benzin narkewa a ruwa nesa ba kusa ba, yana tafiya kusan da saurin ruwan kansa, kuma bakteriya ba su cika cin sa ba. Wani abin takaici, a wurare da dama ba a ma neman sa a gwaji, don haka sakamako mai kyau bai nuna komai game da shi ba.

A 1996 birnin Santa Monika ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kimanin rabin ruwan shansa, bayan an sami MTBE har maikurogiram 610 a lita a rijiyoyin Charnock. Kalifoniya ta haramta sinadarin daga farkon 2004, amma waɗannan rijiyoyi ba su koma aiki ba sai a 2010, bayan an gina matatar da ke tsarkake ruwansu.