RAUNIN DA BA YA JINI: HAƘƘIN TSOHON SOJA MAI CIWON FIRGITA

Kowace shekara ran 15 ga Janairu ƙasar nan takan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, watau ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Tun daga wancan yaƙi, zuwa aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya da aka soma a 1990, har yaƙin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, sojojinmu da dama sun komo gida da rauni. Wanda ya rasa ƙafa ko hannu, kowa ya gan shi ya san abin da ya same shi. Amma akwai wanda ya dawo jiki garau, alhali kuwa zuciyarsa tana can bakin daga.

MENE NE CIWON?

A Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, da garuruwa irin su Takum da Serti inda barikokin soja suke, akwai iyalai da suka san wannan hali. Maigida ba ya barci sai mugun mafarki. Ƙarar salansar babur takan sa ya zabura. Yana gudun taron kasuwa, yana fushi ba dalili, ba ya kuma son a ta da zancen yaƙi. Idan waɗannan alamu suka wuce wata ɗaya suna hana mutum harkokinsa, likitoci suna kiransa ciwon firgita bayan bala'i. An ga irinsa tun Yaƙin Duniya na Farko, amma sai a 1980 likitocin Amurka suka ba shi suna a littafinsu, bayan yaƙin Biyetnam.

Wannan ba ragwanci ba ne, ba kuwa sammu ko aikin iska ba. Ciwo ne, yana da magani: zama da likita ana tattaunawa bisa tsari, wani lokaci kuma a haɗa da ƙwayoyi.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Dokar Fanshon Sojoji ta 1979 ta yi tanadi domin wanda ya sami naƙasa a bakin aiki, Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja kuwa ita ce mai biya. Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta lissafa larurar ƙwaƙwalwa cikin naƙasa. Haka kuma a Janairun 2023 aka sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Sai dai a lura: hukuma da takarda take aiki. Kwamitin likitoci ne yake auna naƙasa, ya kuma duba ko aikin soja ne ya jawo ta. Ciwon da aka ɓoye saboda kunya ba ya shiga fayil, abin da bai shiga fayil ba kuwa ba a biyansa.

MATAKAN DA ZA A BI

1. Sojan da yake bakin aiki ya faɗa wa likitan bariki halin da yake ciki tun kafin sallama, don a rubuta.
2. Wanda ya riga ya yi ritaya ya je asibiti. A Jalingo akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri, Kaduna da Kware ta Sakkwato.
3. A adana takardar sallama, lambar aiki, shaidar wuraren da aka yi yaƙi, da kowane rahoton likita.
4. A nemi shawarar Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta jiha wajen shirya takardu.
5. Kada a ba kowa ko kwabo da sunan zai fito da fansho.

KIRA GA IYALI

Sau da yawa matar gida ce takan fara gane ciwon. Ya kamata ita da 'yan'uwa su raka shi asibiti cikin mutunci, ba da gori ba. Idan ya fara maganar kashe kansa, ko ya dulmuya cikin shaye-shaye, kada a bari ya kwana ba a kai shi ga likita ba. Dagatai, limamai da fastoci su taimaka wajen isar da wannan bayani ga kowane gida da yake da tsohon soja.