Yadda Ake Haɗa Katakon Yanka a Gida

A yawancin gidajenmu na Gwarzo da Kabo, a tafin hannu uwargida take yanka albasa da kuɓewa. In nama ne sai a kifa turmi ko a jawo faranti, wuƙa na dakushewa, yatsa na shan yanka. Katako ɗaya mai kyau zai raba ta da wannan wahala, kuma duk mai zarto da haƙuri zai iya haɗa shi a zaure ko ƙarƙashin rumfa.

Fara da zaɓen ice, don a nan aikin yake. Ana son mai tauri, wanda wuƙa ba za ta riƙa tsaga shi ba. Ƙirya, wadda masassaƙa ke yin turmi da ita, ba ta da na biyu wajen ƙarko, sai dai tana cin bakin zarto, kuma ta yi ƙaranci a dazukanmu. Maɗaci ya fi sauƙin aiki. Mangwaro da tsamiya ma suna yi. A Indiya da kututturen tsamiya mahauta da yawa suke saran nama. Amma kada ka sare tsamiya mai rai saboda wannan, nemi wadda iska ta kayar. In sayowa za ka yi, ka bi titin Gwarzo zuwa Kano ka shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa, ka ce jan katako kake so. Farin katako mai laushi da filawud ba su da amfani a nan, ruwa kaɗan ya kumbura su.

Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne ragowar katakon rufi. Sau da yawa an shafe shi da maganin gara ko baƙin man mota, kuma guba ce da take shiga cikin icen, goga ba ta fitar da ita. Ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa. Abincin yara za a ɗora a kai.

Sai busarwa. Ɗanyen ice in ka yi gaggawa da shi, hunturu ɗaya zai tsage ko ya lanƙwashe. Jera shi a inuwa inda iska ke wucewa, da 'yan ƙirare a tsakani, ka ɗiga kakin kyandir a bakunansa biyu, domin ta nan tsagewa ke farawa. Ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe. Wannan kan ɗauki watanni, musamman in da damina aka sare shi.

Yanzu auna tsawo inci 16, faɗi inci 10, kauri inci 1 zuwa 1 da rabi. Falle ɗaya mai ƙafa 12 zai ba ka guda 8 bayan ka zubar da bakunan da suka tsage. Ja layi da fensir, ka yanka a hankali, ka kauce wa inda ƙulli yake. In icen gida ne, gizago zai daidaita maka fuskarsa kafin ka fere. Ajiye shi a kan daɓen siminti ka danna kowace kusurwa. In yana rawa, bai daidaita ba, kuma katako mai rawa a ƙarƙashin wuƙa haɗari ne. Ni na fi son falle guda, ba haɗi, domin gam ɗin da aka fi samu a kasuwa ba ya jure wanki kullum. Ƙusa kuwa ba ta da gurbi a wannan aiki.

Kashe kaifin kusurwoyi da magagari, ka huda rami a gefe ɗaya na ratayewa. Goge da samfefa mai lamba 80, sannan 120, sannan 220, kana bin tsawon icen. Daga nan shafa jiƙaƙƙen tsumma ka bar shi ya bushe. Za ka ji 'yan gashi sun tashi a jikinsa in ka shafa. Sake bi da 220 har ya yi santsi.

Kada ka sa fenti ko banish. Man gyaɗa ma bar shi, yana daɗewa zai canza wari. Sayi farafin na ruwa a kemis, wanda ake sha (ba kananzir ba), ka shafa ko'ina har gefe, ya kwana yana sha, ka maimaita sau uku. In ka sami kakin zuma wurin masu amya, narka kaɗan cikin man ka yi shafar ƙarshe da shi.

Yi guda biyu, ɗaya na nama da kifi, ɗaya na ganye, ka yi wa na nama alama a gefe. Bayan an yi amfani da shi, a wanke da sabulu nan take, kada a jiƙa shi a baho, kada a shanya a rana. Ƙarni gishiri da lemun tsami suke kashe shi. In fuskarsa ta fara fari-fari, a sake shafa masa mai.