Zaren Sakace Mai Magani da Yadda A Kan Gwada Shi

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce dasashina ya riƙa jini duk sa'ad da na yi asuwaki. Da na je wurin likitan haƙori, sai ya kankare mini wata tsatsa mai tauri a bayan haƙorana na gaba na ƙasa. Wannan ya sa na bi diddigin abin.

Asalin tsatsar nan wata dauɗa ce mai laushi, cike da ƙwayoyin cuta, wadda ta kan manne wa haƙori kullum. In ba a cire ta ba, cikin 'yan kwanaki kalsiyam da ke cikin yawu ya kan shige ta, ta daskare. Daga nan ba asuwaki, ba buroshi, sai ƙarfen likita. In kuwa an bar ta, dasashi ya kumbura, a kwana a tashi haƙori ya soma kaɗawa.

Buroshi ba ya kai tsakanin haƙora sosai. Saboda haka tun wajen 1815 wani likita a New Orleans ta Amurka, Levi Spear Parmly, ya shawarci mutane su yi sakace da zaren siliki. A shekarun 1940 nailan ya maye gurbin siliki. Daga baya aka shiga shafa wa zaren magani, kamar fairofosfet, wanda ya kan hana kalsiyam daskarewa.

To, yaya za a sani ko maganin ne ya yi aiki, ba zaren kansa ba? Ga hanyar masana. Da fari a kankare haƙoran kowa tas. Sa'an nan a raba mutanen kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗansu zare mai magani, waɗansu kuma irinsa marar magani. Ba wanda zai san irin da aka ba shi, mai awo ma ba a gaya masa. Bayan wata 3 ko 6 a auna tsayin tsatsar da milimita a bayan haƙora 6 na gaba na ƙasa, bisa ma'aunin Volpe da Manhold na 1965. In kashi biyun sun zo daidai, kuɗin maganin ya tafi a banza.

Mu da za mu tsaya gaban yara gobe, lalle mu koya musu tambaya guda kafin su gaskata rubutun bayan kwali: da me aka gwada shi? Mu kuma tuna musu, zare hana tsatsa ya kan yi, ba ya cire wadda ta riga ta kama. Rigakafi ya fi magani.