Dokar jirgin ruwa ta shafe mu, mutanen Bauchi

Aikina ceto ne. Idan mutum ya faɗa rijiya ko kududdufi, ko kwale-kwale ya kife, irinmu ake kira. A aikin nan na lura da wani abu game da mu mazauna garin Bauchi: muna ɗaukar dokar jirgin ruwa ta mutanen Legas da Lakwaja ce, tunda mu ba mu da babban kogi a cikin gari. Amma madatsar Gubi da muke shan ruwanta tana nan kusa da mu, kuma matasanmu na zuwa can shaƙatawa, su roƙi masunta su ɗan zaga da su. Da damina kuwa, duk mai 'yan'uwa a Zaki, Gamawa, Jama'are ko Kirfi ya san akwai ƙauyukan da ba a kai musu sai da fito.

A watan Nuwamban 2020 kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Itas/Gadau, mutum 18 suka rasu, galibinsu yara ne masu tafiya gona. Shekara guda bayan haka aka yi irin wannan hatsari a madatsar Watari a Bagwai ta jihar Kano, inda ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi suka nutse. Allah Ya ji ƙansu.

Akwai doka. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita ke kula da sufurin ruwa na cikin gida, kuma tana da kundin ƙa'idoji na 2023. Abin da ke ciki ba mai wuyar fahimta ba ne. Jirgin haya sai da rajista. Kada a wuce adadin lodin da aka ƙayyade masa. Kowa ya sa rigar kariya kafin ya shiga. Ba a tafiyar dare.

Zan tsaya a kan lodi, domin shi ya fi cinye mana mutane. Kafin ki shiga, Hajiya, dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Idan aka cika shi da mutane da buhunan hatsi, aka ɗora babur a kai, tazarar nan takan koma 'yar kaɗan. Daga nan iska kaɗan ta isa, ko mutum ɗaya ya miƙe tsaye. Ruwa na fara shiga sai kowa ya firgita ya koma gefe guda, jirgi ya juye. Wasu kan ce mini, ai ni na iya iyo. Mun sha ciro gawar gwanin iyo da hannun wani a riƙe da wuyansa, domin wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ga babbar riga, ga hijabi da zani, suna jiƙewa sai su yi nauyi su naɗe ƙafafu. Rigar kariya ce kaɗai ke riƙe mutum a sama har taimako ya zo, ita ma sai an ɗaure igiyoyinta tam. Ta manya ba ta yi wa yaro, zamewa yake ta ƙasa.

Shi kuma dare, matuƙi ba ya ganin kututture, mu ma ba ma ganin wanda za mu ceto. Mintuna kaɗan ba numfashi sun isa ƙwaƙwalwa ta lalace, mu kuwa kafin mu taso daga gari mu isa, an daɗe da wuce wannan lokacin.

Gaskiyar da zan faɗa ita ce, a yawancin mashigai na ƙauyukanmu ba za ka tarar da jami'i a tsaye ba. Mai fito talaka ne, kowane fasinja kuɗin cefanensa ne, ga jama'a na matsa masa suna cewa rana za ta faɗi. Saboda haka dokar tana hannun fasinja da sarkin ruwa da mai gari. Ina da yaƙinin cewa idan sarkin ruwa ya rubuta adadi a jikin kowane jirgi da fenti, ya ce ba fito bayan magariba, za a ji maganarsa. Ƙananan hukumomi da masu hannu da shuni su sayi riguna su ajiye a mashigai, sadaka ce mai gudana.

Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Amma addininmu ya hore mu da yin riƙo da sababi.

Iyaye da malaman makarantu, kada ku bari a loda yara a jirgi ɗaya don ragin kuɗin fito, a raba su sawu biyu ko uku, kowane sawu da babba a ciki. Kai kuma ɗan'uwa, idan ka ga jirgi ya cika, ko ba riga, ko duhu ya fara, ka tsaya a gaɓa ka jira, ka kuma hana na kusa da kai shiga.