Dokta Charles West, Likitan da Ya Nema wa Yara Gadon Asibiti

 A wannan makon mun kawo muku tarihin wani likita ɗan ƙasar Ingila mai suna Charles West. Ya yi aikinsa a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Likitan haihuwa ne, kuma likitan yara. Mun zaɓe shi ne saboda yawancinmu mun taɓa raka ƙane ko ƙanwa ɗakin yara a asibiti, amma ba mu taɓa tambayar yadda aka fara ware wa yara wurinsu ba.

An haifi Charles West a birnin Landan a shekarar 1816. Mahaifinsa mai wa'azi ne na ɗariƙar Baftis. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka kai shi wurin wani likita a garin Amersham don ya koyi aiki, kamar yadda ake kai yaro wurin maigida ya koyi sana'a. A 1833 ya shiga asibitin St Bartholomew's a Landan a matsayin ɗalibi. Bayan haka ya tafi Bonn da Berlin a Jamus, da kuma Faris a Faransa. A Berlin ya sami digirinsa na likita a 1837. Ya kuma je asibitin haihuwa na Rotunda a birnin Dublin, inda ya ƙara sanin aikin karɓar haihuwa.

Da ya dawo Landan, sai ya kama aiki a wani ɗakin shan magani na yara a titin Waterloo. Wurin ba shi da gado ko ɗaya. Uwa za ta kawo ɗanta, a duba shi, a ba ta magani, ta koma da shi gida komai tsananin ciwon. Gidajen talakawan Landan a lokacin kuwa cunkushe suke, ga sanyi, ga ƙazantar ruwa. Ƙyanda da gudawa da tarin fuka suna ta kashe yara.

To, me ya hana a kwantar da su a manyan asibitoci? Masu asibitocin suna tsoron yara za su yaɗa cututtuka ga manya. Wasu kuma suna ganin yaro ba zai iya zama ba tare da uwarsa ba. Wani ƙidayar da aka yi a 1843 ta nuna cewa cikin majinyata 2,363 da ke kwance a asibitocin Landan, 26 ne kawai ba su kai shekara goma ba. Alhali birnin Faris yana da asibitin yara tun 1802.

Dokta West ya yi ta roƙon shugabannin ɗakin shan maganin su sa gadaje, amma bai yi nasara ba. Sai ya bar su, ya shiga neman masu hali da masu faɗa a ji. Ranar 14 ga Fabrairu 1852 aka buɗe Asibitin Yara Marasa Lafiya a gida mai lamba 49, titin Great Ormond. Gadaje goma kacal aka fara da su. Shi ne asibiti na farko a Ingila da aka buɗe don kwantar da yara kawai. Kuɗi sun yi ƙaranci bayan 'yan shekaru, sai shahararren marubucin nan Charles Dickens ya taimaka. A 1858 ya yi jawabi a taron neman gudummawa, ya kuma karanta littafinsa a gaban jama'a aka tara kuɗi, har aka sayi gidan da ke maƙwabtaka aka ƙara gadaje.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda yake duba yaro. A littafinsa na 1848 kan cututtukan jarirai da yara, ya koya wa ɗalibansa cewa jariri ba ya iya cewa ga inda ke masa ciwo, don haka dole likita ya koyi gane alamu kamar mai koyon sabon harshe. Ya kalli fuskar yaron, ya saurari irin kukansa, ya lura da yadda yake kwanciya da yadda yake numfashi. Ya gargaɗe su kada su afka wa yaro da sauri. Dalilin a fili yake: idan yaro ya tsorata ya fara kuka, bugun zuciyarsa da numfashinsa za su ƙaru, likita ba zai gane ko ciwon ne ko tsoron ba. Shi ya sa ya fi son a ƙirga numfashin yaro yana barci ko yana kwance lafiya a cinyar uwarsa. An fassara littafin zuwa harsuna da yawa. A 1854 ya sake rubuta wani ƙaramin littafi don masu jinya, kan yadda ake kula da yaro mara lafiya.

Bai bar aikin mata ba. Ya koyar da darasin karɓar haihuwa a asibitin Middlesex, sannan a St Bartholomew's, ya kuma rubuta littafi kan cututtukan mata.

Amma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Dokta West mutum ne mai yawan saɓani da abokan aiki, har ya rabu da asibitin da ya kafa bayan rigima da hukumar gudanarwarsa. Ya kuma yi adawa da shigar mata aikin likita, har ya rubuta littafi a kan haka a 1878. A nan mun ga ya yi kuskure, domin yau mata likitoci suna aiki a asibitin nasa, kuma a cikinmu akwai 'yan mata da ke son zama likitoci. A ƙarshen rayuwarsa yakan yi lokacin sanyi a garin Nice na Faransa saboda lafiyarsa. Ya rasu a Faris a 1898. Asibitin Great Ormond yana nan har yau, yana cikin manyan asibitocin yara na duniya.

'Yan uwa, darasin da muka ɗauka ya shafe mu a gida. Sau da yawa mu ake bar wa ƙannenmu idan Inna ta fita. Idan muka ga jariri ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko yana numfashi da sauri, ko ya yi laushi ba kamar yadda ya saba ba, kada mu ce rigima ce kawai. Mu gaya wa babba nan take don a kai shi asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.